Amsa ga ɗan uwan da duwalinsa ke sulɓi a ƙanƙara

Salamu alaikum ɗan uwa. Tun da asuba na ga tambayarka, na ajiye waya na sake ɗauka ya kai sau uku, domin wallahi abin da ka rubuta shi ne ya same ni sak. Ka ce ka samu aikin kai kaya an ba ka motar Ford F-350 mai buɗaɗɗen baya, mai taya huɗu a baya, duwali kenan, kuma tunda dusar ƙanƙara ta fara sauka duk sanda motar take ba kaya sai bayanta ya dinga kaɗawa, ko a danja ka tsaya in za ka tashi tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, kana tambaya wai hannunka ne bai faɗa ba ko motar ce, kuma dole ne a sa tayar hunturu duka shida ko biyun gaba sun isa.

Ba hannunka ba ne. Ka fara cire wannan a ranka, don ni ma wata biyu na yi ina zargin kaina ina jin kunyar tambaya. Halin motar ne. An ƙera ta ne don ta ɗauki nauyi, in ka ɗora mata tirela nauyin ya sauka a kan ƙafar baya sai ka ji ta zauna daram a titi kamar an kafa ta, amma da ka sauke kaya shikenan ta zama wata motar daban. Injin dizal ɗin nan mai nauyi yana gaba, bodin baya fayau ba komai, ɗan nauyin da ya rage kuma an raba shi wa taya huɗu maimakon biyu, to kowace taya ba ta danna ƙasa yadda ya kamata, sai ta hau kan dusar tana yawo a kai maimakon ta huda ta kama kwalta. Sannan ga wani abu da ba wanda ya gaya min sai da na lura da kaina a madubi, faɗin ƙafar baya ya fi na gaba, tayoyin waje na baya ba sa bin sawun da na gaba suka buɗe, hanyarsu daban suke yankawa cikin sabuwar dusa. In titi ya yi layi biyu na sawun ƙananan motoci, tayar ciki tana cikin sawu ta waje tana kan tudun da ya daskare, shi ya sa kake jin kamar wani yana fizgar bayan motar dama da hagu.

Wanda ya ce maka taya huɗu ta fi biyu kama ƙasa a ƙanƙara, ko dai bai taɓa tuƙa ta ba kaya ba ko kuma yana so ka fita aiki ne kawai. Ni mai kamfanin da na fara yi wa aiki shi ya faɗa min haka, har yau ina jin muryarsa.

Hunturuna na biyu ne a ƙasar nan Kanada. Na kai kaya garin Grande Prairie a lardin Alberta, aka ce in bar tirelar a can wani zai jawo ta, ni in dawo Edmonton da motar haka. Kafin in tashi na kira shi na ce oga tayoyin nan sun suɗe kuma ba na hunturu ba ne, ga shi ana ta sanarwa hanya ba kyau, ko in kwana in taso da safe. Ya ce min wa zai biya kuɗin ɗaki, motar tana da aiki ƙarfe bakwai na safe, taya shida gare ka me kake tsoro, ka sa 4x4, giyar da ke sa tayoyin gaba da na baya su ja tare, ka taho. Ni kuma lokacin takarduna ba su gama daidaita ba, iyali sun zo bai fi wata huɗu ba, ga haya ga kuɗin da ake jira a gida, ban iya cewa a'a ba. Kun san Disamba a nan, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, na yi magariba da isha a haɗe na kama Highway 43.

Har na wuce Valleyview na wuce Fox Creek lafiya lau, ina tafe a hankali, titin ya yi baƙi ƙirin ina ganin kamar an share shi ne, ashe ƙanƙara ce ta shimfiɗu a kai kamar gilashi. Tsakanin Fox Creek da Whitecourt akwai wata gangara, na hango fitilun wata babbar mota a gaba sai na ɗaga ƙafa daga totur, wallahi ko birki ban taɓa ba, ɗaga ƙafa kawai na yi. Ashe birkin salansa, wanda ke sa injin ya rage wa mota gudu da ka ɗaga ƙafa, yana kunne tun da safe da nake jan tirela, na manta ban kashe ba, kuma na fitar da motar daga 4x4 can baya da na ga kamar kwalta ta bushe. Ina ɗaga ƙafa injin ya riƙe tayoyin baya su kaɗai, sai na ji bayan motar ya saki. Ba ƙara ba komai, shiru, abin da ya fi tsaya min a rai kenan, shirun. Na ga bishiyoyi suna wucewa ta gaban gilashi a gicciye, na ga fitilun motar da ke bayana sun dawo suna haska min ido, fulas ɗin shayina ya tashi ya daki ƙofa, bakina ba abin da yake fita sai Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, fuskar 'yata ce kawai a idona, lokacin tana shekara biyu. Motar ta juya ta sake juyawa ta faɗa ramin da ke tsakiyar hanya da baya, dusa ta rufe har ƙofa. Allah ne kaɗai ya sa ba ta kife ba, kuma ba ta tsallaka ɗaya hannun ba inda manyan motocin katako ke tahowa.

Na zauna hannuna a kan sitiyari yana rawa na kasa sakinsa. Wani bature mai babbar mota ya tsaya can gaba ya tako cikin dusa har gwiwa ya ƙwanƙwasa min gilashi, shi ya ce in fito mu tone bakin salansa kafin in bar injin a kunne, in ba haka ba hayaƙi zai dawo cikin mota ya kashe ni ina zaune ban sani ba. Ban san wannan ba wallahi. Ba ni da shebur, da hannu da murfin wani bokiti muka tone. Allah ya saka masa, ko sunansa ban tambaya ba.

Na kira oga. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa, motar ta lalace? Bai ce kana lafiya ba. Na ce ina cikin rami sanyi ya kusa 30 ƙasa da sifili, ya ce ai shi ya san sababbin zuwa ba su iya tuƙi ba, in nemi janwe da kaina. Awa uku da wani abu na yi a wurin kafin janwe ta zo saboda daren motoci da yawa sun faɗa, yatsun ƙafata tun ina jin zafinsu har na daina jin su. Matata tana ta kira ina cewa go-sulo ne ya riƙe ni don kar hankalinta ya tashi ita kaɗai da yarinya a garin da ba ta san kowa ba. Ƙarshen wata ya zare kuɗin janwe daga albashina, har da na filastik ɗin da ke rufe tayar baya da ya fashe. Da bakanike ya duba motar a gabana ya ce tayar ciki ta hagu iskarta ta yi ƙasa sosai, ta waje ce ke ɗauke da ita, an daɗe ana tafiya a haka. Na gaya wa oga ya ce aikina ne in duba. Eh aikina ne, amma wa ya nuna min, kuma wa ya roƙe shi taya tun Oktoba ya ce sai baɗi? Mutumin nan ya san ina da ƙaramar yarinya, ya taɓa ganinta. Na yi ƙoƙari in yafe, har yau in na bi ta gangaren nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Ban ƙara wata biyu a wurinsa ba.

To maganar taya. Shida ɗin nan duka, kar ka yarda da biyun gaba kawai, wannan shi ne mafi haɗari ma, domin gaba zai kama baya ya saki, kana shiga kwana bayan motar zai zagayo ya riske ka. Ka duba gefen tayar ka ga tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusa a ciki, shi ne alamar tayar hunturu. Na san kuɗi ne, taya shida ba wasa ba, amma motar kamfani ce su ya kamata su saya, ka rubuta musu a saƙo kar ka faɗa da baki, ka ajiye. Nan Alberta doka ba ta tilasta tayar hunturu ba shi ya sa wasu masu kamfani ke fakewa da haka, amma in aiki ya kai ka lardin Biritish Kolombiya hanyoyin duwatsu dole ne daga 1 ga Oktoba. Tayoyi masu ƙusa ma an yarda da su a nan, ni yanzu su nake sawa a tawa, suna da ƙara a busasshiyar kwalta amma a kan ƙanƙara bambancin a fili yake.

Kafin tayar ta samu, yau ɗin nan ka je ka sayi buhunan yashi. Ni kusan kilo 300 nake sawa, buhu biyu uku ba abin da za su yi wa motar da ta haura tan uku. Ka jera su daidai saitin tayoyin baya ko ɗan gaba kaɗan, kar ka tura su can ƙarshen bodi bakin ƙofa, in suna can bayan ya fi saurin juyawa. Ka ɗaure su da bel sosai, buhun yashi in ya jiƙe ya daskare dutse ne, ka taka birki da ƙarfi zai taho. Kuma ranar da ka maƙale ka farke ɗaya ka zuba a ƙarƙashin taya.

Birkin salansa ka kashe shi duk sanda titi ke da santsi, dan Allah ka sa wannan a ranka, ni abin da ya jefa ni rami kenan. Haka abin da ke riƙe gudu da kansa, kar ka kunna. 4H, wato 4x4 na tafiya a titi, ka sa shi in titi ya rufe da dusa, zai taimake ka wurin tashi a danja, amma ba ya ƙara maka birki ko kaɗan, motar nan mai nauyi ce tana buƙatar fili kafin ta tsaya, ka bar tazara har sai na bayanka ya ji haushi. In ka hau busasshiyar kwalta kuma ka fitar, in ba haka ba za ka ji tana ɗaurewa a kwana. Wurin tashi ka taka totur kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafarka, dizal ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa. Gada tana riga titi daskarewa, kafin ka hau ka rage gudu, kana kai kar ka taɓa komai.

Iskar taya kuma, sanyi yana rage ta, ka sayi geji mai baki biyu wanda ke kaiwa ga tayar ciki, ka bi lambar da ke manne jikin ƙofar direba. Wasu za su ce ka sace iska sosai don ta kama ƙasa kamar yadda ake yi a yashi a gida, a duwali kar ka wuce gona da iri, tayoyin biyu za su dinga gogar juna su yi zafi. Ka dinga leƙa tsakaninsu ma, dusa da tsakuwa suna cushewa su daskare, sai ka hau babban titi ka ji motar tana karkarwa ka rasa dalili.

Na san ba ka tambayi wannan ba amma tunda dizal ce, ka jona ta a wutar lantarki da daddare don injin ya kwana da ɗumi, igiyar tana nan wajen gaba. Sanyin Janairun 2024 da ya wuce 40 ƙasa da sifili mutane nawa motarsu ta ƙi tashi, man ya yi kauri ya toshe filta. Kar ka bar tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ka ajiye bargo, safa ta biyu, safar hannu mai kauri, shebur, dabino da ruwa a cikin mota ba a bodi ba, da abin cajin waya. Ka duba 511, inda ake sanar da yanayin hanyoyi, kafin ka fita. Kuma ka dinga gaya wa iyalinka hanyar da ka bi, ni ɓoyewar da na yi daren nan da ta gano daga baya ta fi komai yi mata ciwo, kwana biyu tana kuka.

In oganka ya matsa maka ka fita a ranar da ka ga hanya ba ta yi ba, ka ce a'a, dokar aiki a lardin nan ta ba ma'aikaci damar ƙin aikin da ke da haɗari, ni ban sani ba a lokacin kuma ba wanda ya gaya min. Ka turo min hoton gefen tayarka ta baya da zanen da ya rage mata ta inbos in gani. In kana zuwa Juma'a masallacin Al Rashid na Edmonton ka zo da motar wannan satin, bayan sallah mu nemi fili babba da ba motoci ka taka birki ka ji yadda take sakin baya a ƙaramin gudu, ina da ragowar buhun yashi huɗu a gareji zan taho maka da su.