Rigar Yaro Mai Tasowa: A Ɗinka Babba Ko Daidai Jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da keken ɗinki a gida, ina ɗan taɓawa. Ɗana shekararsa 6, rigar da na ɗinka masa da ƙaramar Sallar bara har ta ɗage, hannun ma ya tsaya a sangali. Ko in ɗinka masa babba ne kawai ya girma a cikinta? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki zumbula masa burmemiyar riga. Kafin ya cika ta ta koɗe, ga shi ya yi ta yawo kamar mai kayan aro. Ki ɗinka daidai jikinsa, rarar yadin ki ɓoye ta a ciki.

Yaro a waɗannan shekaru yakan ƙara tsawon inci 2 zuwa 2 da rabi a shekara, ƙiba kuwa a hankali take zuwa. Shi ya sa riga take ɗagewa tun ba ta matse ba. To a tsawo za ki yi tanadi. Ki bar inci 3 a ƙasan riga, inci 2 a bakin hannu, ki kalmashe su ciki. Wurin kalmasar ki buɗe ɗinkin keke ya yi tazara, don ranar warwara kada allura ta bar miki huji reras. A gefe da gefe inci 1 ya isa, amma ki zarce da shi har ƙarƙashin hannu, domin a hammata riga take fara kama yaro.

Kafaɗa ce ba ta son ganganci. In ta zarce awonsa da fiye da rabin inci, hannun zai zubo, rigar ta rasa fasali. Wuya kuma nan masu koyo suke shan kunya: kan ɗan shekara 6 ya kai inci 20, bai fi inci biyu ko uku tsakaninsa da na babba ba. Ki tsaga gaban sosai ki sa maɓalli uku, ba wai kullum a riƙa kokawa da kunnuwansa ba.

Kafin ki sa almakashi, ki jiƙa yadin, ki shanya a inuwa, ki goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko. Wata rigar ba yaron ne ya girma ba, ita ce ta koma. Ni dai don rigar yau da kullum na fi son auduga mara kauri a kan shadda, ta fi shan gumi, kuma kalmasarta ba ta karyewa.

In kin sauke kalmasa za ki ga layi inda aka ninke. Ki yayyafa ruwa ki danne da dutsen guga. In ya ƙi ɓacewa, ki bi kansa da siririn ƙyalle ko ɗinkin ado. Saboda haka kada ki zubar da guntayen da suka rage. Ki riƙa jefa su cikin wanki tare da rigar don launinsu ya tafi daidai.