Amsa: Gilashin jirgina ya yi fari

Malam, ka ce gilashin mazaunin matuƙi na ɗan jirgin saman robar da kake haɗawa ya yi fari bayan ka manna shi. Sufa gulu ka sa, ko? Tururinsa ne ke kwanciya a kai. Ni ma ya taɓa ɓata min wani mai sikelin 1/72 (wato jirgin gaske ya ninka shi tsawo sau 72), sai da na dirje da man goge baki da auduga kafin ya ɗan washe. Nan gaba, maimakon sufa gulu, nemi farin gam na kafintoci a kasuwar Sabon Gari, ka ɗiga da tsinken sakace. In ya bushe ba a ganinsa.

Tambayarka kan launin da za ka yi masa kuwa, yi wanda ka ga dama, tunda jirgin ƙage ne, ko malaman kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta nan Zariya ba za su yi maka gyara ba. In ka yi fenti dai kifa masa kwano, ƙurar hunturun nan ba ta da kirki.