Tambaya da Amsa: Wa Ke Riƙe da Linzamin Intanet?

Tambaya: Malam, mene ne daidaiton intanet, kuma yaya zan gane ko kamfanin sadarwa yana rage mini gudu da gangan?

Amsa: Ƙa'ida ce da ke hana kamfanin sadarwa nuna wariya tsakanin shafuka: ba toshewa, ba rage gudu, ba karɓar kuɗi a fifita wani. Amurka ta kafa ta a 2015, ta soke a 2017, ta maido a 2024, sai kotu ta rushe ta a Janairun 2025. Indiya kuwa a 2016 ta hana Free Basics, shirin Facebook na shiga wasu shafuka ba tare da biyan kuɗin data ba, don kyautar wasu zaɓaɓɓun shafuka ita ma fifiko ce.

Ga gwajin. Buɗe bidiyo ɗaya sau uku, ka lura da inda yake tsaitsayawa. Nan take kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye wa kamfanin sadarwa abin da kake buɗewa a intanet, ka maimaita. Kamfani yana gane nau'in bayanan da ke bi ta layinsa, VPN kuwa yana lulluɓe su. In bidiyon ya tafi sumul da VPN alhali da farko yana sarƙewa, akwai lauje cikin naɗi. Amma a kula, VPN kansa yana ɗan rage gudu, kuma cunkoson yamma yakan ruɗi mutum. A sake gwadawa da asuba.

Tambaya: To, a miƙa wa gwamnati ragamar mana?

Amsa: Ta kafa doka, kotu ta sa ido, amma kada makunnin ya shiga hannunta. Kamfani rage gudu yake yi, gwamnati kuwa kashewa take yi ɗungurungum, kamar yadda aka yi a Masar a Janairun 2011.