Za mu iya karɓar zakka mu gyara bohol da katangar maƙabarta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, ƙaramin gari ne a jihar Jigawa, mu ke yashe kwata kafin damina, mu share maƙabarta, mu kai mara lafiya asibiti in dare ya yi, kuma kowane memba yana ba da naira 500 duk wata. To yanzu bohol ɗin unguwar gabas ya lalace, katangar maƙabarta ma ta zube har dabbobi na shiga, kuɗin asusu bai kai ba, shi ne wasu suka ce tunda kaka ta yi mu zagaya wajen manoma da 'yan kasuwa su ba mu zakkarsu mu sayar mu yi aikin, ai fi sabilillahi ne. Sannan muna cin tarar naira 200 ga wanda bai zo mitin ba, ita ma wani ya ce haramun ce. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sakatare Allah ya saka muku da alheri, ita ƙungiya irin taku ba ma a tsaya ana tambayar halaccinta, Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kuma Annabi (SAW) tun kafin a aiko shi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an inda ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, daga baya ya ce da za a kira shi irinta a Musulunci da ya amsa. Abin da kakanninmu ke yi da gayya kenan, ku dai kun ƙara da littafi da ma'aji.

Amma zakka fa a'a, ba za ta shiga bohol ba kuma ba za ta shiga katanga ba. Allah bai bar rabon zakka a hannun ciyaman ko Malam ba, shi ya raba da kansa a Suratut Tauba aya ta 60, gida takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatanta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, fi sabilillahi, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Kuma ayar ta fara da "innama", wato su kaɗai. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman cewa ya yi a karɓa daga mawadatansu a mayar wa talakawansu, kaga bohol kuwa Alhaji mai shago zai ɗiba, mai gari zai ɗiba, shi kansa wanda ya fitar da zakkar zai ɗiba, ita kuma bazawarar da ke jiran kwano biyu na gero a kakar nan an sayar da rabonta an sayi famfo ba a ko tambaye ta ba.

Maganar fi sabilillahi da 'yan'uwanku suka kawo ba daga iska suka ɗauko ta ba, akwai malaman da suka faɗaɗa ta, Fakhrur Razi ya kawo a tafsirinsa daga Ƙaffal cewa wasu malaman fiƙihu sun halatta a sa zakka a duk hanyar alheri har ginin masallaci da likkafani, wasu na wannan zamani ma sun bi haka. Sai dai mazhabobi huɗun nan ba su tafi a kai ba, a wajensu jihadi ake nufi, Hambaliyya suka ƙara da hajji. A Mudawwana Imam Malik ya ce ba a sa zakka a likkafanin mamaci ko ginin masallaci, Shehu Khalil kuma a Mukhtasar, duk da yana maganar rabon masu jihadi ne, ya ce ban da ganuwa ban da jirgi. To in ganuwar da ke tsare gari daga abokan gaba ba ta samu ba ina ga katangar da ke tsare awaki. Ni wannan nake rinjayarwa, don in aka ce duk alheri fi sabilillahi ne to lissafa gida takwas ɗin ya zama ba shi da amfani kenan, tunda ciyar da miskini ma alheri ne. Kuma manomin da ya ba ku dami ɗaya cikin goma yana zaton ya sauke farali, a wajen jamhuru, wato mafi yawan malamai, bai sauke ba, sai ya sake fitarwa, kun jefa shi asara ba ku sani ba.

Abin da za ku iya yi, kuma ina ma za ku yi, shi ne ku zama wakilai. Ku ne kuka san gida-gida, kun san marayun da ba sa roƙo, kun san wanda bashin magani ya danne, mai zakka ya ba ku ku kai musu a hannu ta zama mallakinsu, littafinta daban, buhunanta daban, kar ƙwaya ɗaya ta haɗu da asusun ƙungiya ko da sunan aro. Kar ku cire kaso ku ce ku ne ma'aikatan zakka, wannan rabon na wanda hukuma ta naɗa ne, kuɗin man babur ku ɗauka daga naira 500 ɗinku. Sannan dabarar nan ta a miƙa wa talaka zakka da sharaɗin ya dawo da ita "gudummawa" kar ku soma, yaudarar kai ce.

Shi bohol ƙofarsa sadaka ce da waƙafi, kuma ƙofar a buɗe take. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, Annabi ya ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Ku je wa masu hali da wannan, ku tuntuɓi 'yan garin da ke Kano da Legas da Abuja, mutum zai fi sakin hannu in ya ji ladan zai riski iyayensa da ke kwance a maƙabartar nan. Katanga kuma ku kira gayya, mai bulo ya kawo, magini ya ba da yini guda.

Tara ita ce malamai suka yi saɓani, da yawa sun hana hukunta mutum ta hanyar karɓe masa dukiya, waɗanda suka halatta ma irin su Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim shugaba da alƙali suke nufi, ku kuwa ba hukuma ba ne. Amma in mutum ya shiga da ƙafarsa, an karanta masa doka ya yarda cewa ranar da ya ƙi zuwa ba uzuri zai sa naira 200 a asusun aikin gari, ina ganin ba laifi, Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma malamanmu Malikiyya na cewa wanda ya ɗora wa kansa alheri ya lazimce shi. Da sharaɗin kuɗin ba aljihun shugabanni za su ba, ba lemon mitin za a saya ba, mai uzuri a ƙyale shi, wanda ba shi da shi a yafe masa, wanda ya ƙi biya iyakarku ku cire sunansa, ba ku da ikon riƙe masa waya ko babur. In kun mayar da tarar ta zama ɗibar ƙasa baro biyar ranar gayya ma kun fita daga saɓanin gaba ɗaya.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma na san yana zuwa, in ɗan siyasa ya kawo kuɗi a ambulan ya miƙa wa ciyaman ko kai sakatare saboda kujerarku, na ƙungiya ne, a rubuta a karanta a mitin. Ibnul Lutbiyya da ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa.

Wallahu a'alam.