Tambayi Likita: sauro, duba-gari da masu bibiyar annoba a Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka, ya ruwa? Saƙonnin da suka shigo min wannan karon kusan duk a kan sauro ne da maganar annoba, kuma ba abin mamaki ba ne tunda damina ta zauna, fadama ta cika, asibiti ma ta cika da yara masu zazzaɓi. Na ɗauki guda biyar, waɗanda ban kai ga nasu ba a yi min haƙuri sai wani jiƙon.

Wani manomin shinkafa daga Argungu ya ce: "Likita don Allah mi yas sa gwamnati ba ta zuwa ta yi muna feshin sauro? Sauro ya hana mu kwana, ɗiyanmu kullum masassara. Muna jin labarin duba-gari ga iyayenmu, yanzu ina sunka shiga?"

Malam sannu da aiki, kukanka yana kan hanya. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne, wato a lokacin mu ne a sama. To amma feshin da kake nufi, wanda mota ke bin titi tana tada hayaƙi, gaskiya ba shi ne zai fisshe mu ba. Sauron da hayaƙin ya taɓa a wannan lokacin kawai yake kashewa, wanda ke laɓe a bayan labule da ƙarƙashin gado bai san ana yi ba, na cikin ruwa kuma da bai fashe ba yana nan, kwana kaɗan sabon zubi ya taso. Feshin da ke aiki shi ne wanda ake bi ɗaki ɗaki ana fesa wa bango magani ya yi watanni, shi kuma akwai tsada, shi ya sa ba ka cika ganinsa ba.

Sannan sauro ba iri ɗaya ba ne. Mai kukan nan a kunne da ke fitowa daga kwata da sokawe ya fi hana barci amma ba shi ke kawo maleriya ba. Mai maleriya shi ake kira anofilis, macen ce ke cizo kuma da dare, ita ba ta son ƙazamin ruwa sosai, ta fi son ruwan sama da ya kwanta rana na dukansa: ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, sawun shanu a bakin fadama, sawun tayar mota, gonar shinkafa da aka bar wa ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 14 ne a zafinmu. Akwai na uku, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo, a randa da tsohuwar taya da gwangwani yake hayayyafa, shi ke ɗauko shawara da dengi, kuma dengin nan an tabbatar da ita a Sakkwato ƙarshen 2023, ba nesa da mu ba ke nan.

Ba zan ce ka bar noman shinkafa ba, da ita muke ci. Amma a noman rani da kai ke ba da ruwa da inji, idan kana barin fangali ya tsane na 'yan kwanaki kafin ka sake sakin ruwa, tsutsar sauron mutuwa take, ga ragin kuɗin mai. Ramukan da ke kusa da gida kuma a cike su da ƙasa, wannan aikin matasan unguwa ne na safiya ɗaya.

Duba-gari kuwa suna nan, yanzu jami'an tsaftar muhalli ake ce musu, kowace ƙaramar hukuma tana da su. Zamanin En'e duba-gari zai shigo har cikin gida ya buɗe randa ya sa moɗa ya ɗebo ruwa ya ɗaga ya duba, in ya ga 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil to tara ta hau maigida. Yau sun yi kaɗan ƙwarai kuma kayan aiki sun yi musu ƙaranci, abin yana damuna wallahi domin aikin da mutum ɗaya daga cikinsu zai yi a unguwa ya fi ƙarin ruwa ɗari da za mu sa a asibiti. Ku haɗu da mai unguwa ku rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku faɗi wurin da ruwa ke kwanciya da sunansa, takarda mai sa hannun jama'a ta fi ƙorafin majalisa nauyi.

Wata uwa daga Jega ta ce: "Dokta ni gidan sauro zafi yake sa ni da ƙaiƙayi, fiya-fiya nake yayyafawa a ɗaki. Kuma an ce a kai yarona allurar maleriya, wata shida gare shi, in an yi masa shi ke nan ya rabu da ita?"

Ƙanwata don girman Allah ki bar fiya-fiyar nan. Maganin ƙwarin gona ne ake ɗurawa a kwalba, guba ce, tana shiga ta numfashi tana shiga ta fata, kuma jariri ɗan wata shida huhunsa bai kai ya ɗauka ba. Muna ganin yaran da ake kawowa yawu na dalala, ƙirji na kurkur, ƙwayar ido ta tsuke, wasu ma sha suka yi saboda an zuba a robar lemo an aje a ƙasa. Ƙaiƙayin gidan sauro kuma yawanci daga sabo ne da aka ɓare aka ɗaura nan take. Ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin ki kwana ciki, a inuwa fa ba rana ba, in za ki wanke ki sa sabulun wanka kar ki sa omo ko bilic, in ya yage ki ɗinke. Yana kai kamar shekara uku. In zafi ya kore ku tsakar gida to ku fita da shi, a kafa sanda huɗu a ɗaura.

Allurar kuwa ki kai shi gobe-goben nan. A Disamba 2024 aka fara ta a Najeriya kuma Kebbi da Bayelsa aka fara da su, kyauta ce, sau huɗu ake yi, a wata 5 da 6 da 7 sai ta ƙarshe a wata 15. Tana rage yawan kamuwa da kuma tsananin ciwon amma ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya, yaron da aka yi wa zai iya yin maleriya, don haka gidan sauro na nan daram. Ta huɗun nan ita iyaye suka fi mantawa, ki sa a rubuta miki ranar a kati. Ga kuma maganin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, na kwana uku ne, na farko a gabansu ake sha, sauran biyun ke za ki ba shi, kar ki aje ki ce sai ya yi zazzaɓi. In jikinsa ya yi zafi a yi gwajin yatsa tukuna, minti 15 zuwa 20 an gama, ba duk zazzaɓi ne maleriya ba.

Wani mai kemis daga Kamba ya tambaya: "Yallaɓai wai ta yaya hukuma ke sanin annoba ta ɓulla? Wani ya zo shagona ya ce shi DSNO ne, ya bar min lamba wai in na ga wasu cututtuka in kira shi. Ba tarko ba ne a rufe min shago?"

Ba tarko ba ne Alhaji, riƙe lambar nan da kyau. Shi ne jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, duk ƙananan hukumomi 21 na Kebbi kowace tana da nata. Asibitoci suna kai masa rahoto, shi ya tura wa babban jami'in annoba na jiha a Birnin Kebbi, daga nan sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Wasu cututtukan lissafinsu ake tarawa a tura duk mako ko duk wata, wasu kuwa ko mutum ɗaya aka zarga a ranar ake so a ji, irin su kwalara, sanƙarau, ƙyanda, shawara, mashaƙo, zazzaɓin Lassa.

To matsalar ita ce mutanenmu ba asibiti suke fara zuwa ba, wurinka suke fara zuwa, ko wurin mai maganin gargajiya, ko ungozoma. Kai za ka riga kowa lura cewa yau mutum biyar daga unguwa ɗaya sun aiko sayen maganin gudawa. Abuja ba ta da idon ganin wannan sai naka, ballantana kai da ke bakin iyaka, mutane na shiga da fita Nijar dare da rana. Ka tuna sanƙarau ɗin da ya taso daga Zamfara ƙarshen 2016 ya bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja a 2017, mutum sama da 14,000 aka zarga sun kamu, sama da 1,000 suka rasu, kuma jinkirin gano shi da kai rahoto na cikin abin da ya ba shi dama. A 2025 ma ya taɓa mu a Gwandu da Aliero da Jega. Haka gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara suna ta suma suna mutuwa ana ɗauka maleriya ce ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka bi diddigi aka gwada jini aka gane daga dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gidaje, kafin nan an yi asarar yara wajen 400.

Abin da za ka kira a kai: babba da ke gudawa kamar ruwan shinkafa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, jariri da maɗigarsa ta kumbura, zazzaɓi da zubar jini ta hanci ko dasashi, ido ya yi ɗorawa bayan zazzaɓi, ko mutane biyu uku su mutu a gida ɗaya ko unguwa ɗaya ba a san dalili ba. Ba sai ka tabbatar ba, tabbatarwa aikin ɗakin gwaji ne. In layinsa bai shiga ba akwai 6232 na NCDC, kyauta ne. Abu ɗaya nake roƙonka, mai sanƙarewar wuya kar ka tsaya yi masa allura a shago, tura shi asibiti a lokacin, sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Wani dattijo daga Zuru ya ce jikansa ɗan shekara huɗu ƙafarsa ta saki dare ɗaya, da suka je asibiti sai aka ce a kawo kashin yaron har sau biyu, shi abin bai kwanta masa ba, me za a yi da kashin yaro?

Baba Allah ya ba shi lafiya, kuma ka kwantar da hankalinka. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu, a bar aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 na farko, a sa a akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri a duba ko shan inna ce, domin ƙwayar a hanji take zama. An ba Najeriya shaidar rabuwa da asalin ƙwayar a 2020, amma akwai wani nau'i da ke yawo inda yara da yawa ba su sami ɗigo ba, kuma yankinmu na cikin wuraren da ake samunsa. Dalilin da ya sa ma wani lokaci za ka ga ma'aikata suna ɗibar ruwan babbar kwata a jarka ke nan. Ka ba su Baba, ba ko sisi, kuma a ci gaba da kai shi gashin ƙashi kar a zauna jiran sakamako.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba a Yauri: "Dr wai gaskiya ne wata korona za ta sake zuwa? Ni tsoro nake ji."

Ɗiyata ba wanda zai faɗa miki rana, amma sababbin cututtuka za su ci gaba da ɓullowa, yawancinsu daga dabbobi da tsuntsaye suke tsallakowa, shi ya sa idan kaji suka fara mutuwa birjik a gida ko a kasuwa ake so a gaya wa likitan dabbobi, kar a yanka a ci. Kuma ana iya tare su. Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, aka bi duk wanda ya yi hulɗa da mai ciwon ɗaya bayan ɗaya ana auna zafin jikinsu kwana 21, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu, a Oktoba aka ce ta ƙare.

Ni a bakin kogi irin Yauri a wannan watan, kwalara ta fi korona tsaya min a rai. A 2021 mutum sama da 100,000 aka zarga sun kamu da ita a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma ambaliya in ta haɗa masai da rijiya shi ke nan. Ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa maganin tace ruwa, ki aje ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, a ɗakinku na makaranta. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba mai gudawar tun a gida ana kan hanyar asibiti yana kurɓa, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. In kun kai ku biyu ko uku a hostel ɗaya kuna yi, ku gaya wa nas ɗin makaranta a ranar ta kira jami'in ƙaramar hukuma a zo a duba ruwan da kuke sha.