Yara a gida, iyaye na karɓa-karɓa

Ke 'yar nan, da na karanta saƙonki sai da na yi dariya, can kuma jikina ya yi sanyi. Wai tunda aure ya mutu, ke da uban yaranki za ku bar su a gidan, ki yi mako guda ki fita, shi ya shigo ya yi nasa, kina tambayar Goggonki ko an taɓa yin haka a da. Ikon Allah!

Ina ƙarama aka saki mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Ranar da ta gama idda ta ɗaure kayanta, ta goya ƙanena saboda yana nono, ni aka ce in zauna. Na riƙe zanenta a bakin ƙofa, sai da kakarmu ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Da aka yaye shi aka dawo da shi, wallahi bai gane ni ba. Na miƙa hannu ya juya baya. Ya kwana yana tsala ihu, mutanen gida kowa ya ɗauka ya jijjiga ya gaji, Baba yana ta kai da komo a tsakar gida har asuba. A daren nan na ji kaka tana cewa, "Ɗa na kowa ne da rana, da dare uwarsa yake nema."

To ba zan ce dabararku banza ce ba. Yaro ya kwana a gadonsa, ya tafi makarantarsa, ba a jan sa da ƙunshin kaya. Mu ma abin da malamai suka karantar ba mu bi ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ce shayarwa shekara 2, ci da sutura a kan uba, kuma a Malikiyya reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta sake aure ba.

Sai dai ku 'yan yanzu komai ku biyu kuke yankewa a waya, manya sai dai su ji labari. Muhalli uku fa kenan, wa zai riƙe su? Bayan idda shi ba muharraminki ba ne, ga kayanki a ɗakin da zai kwana. In ya yi amarya, ita ma makon za ta riƙa bi? Shi babban yaron naku, kun ji ta bakinsa kuwa? Ki zo mu zauna, ki taho da shi.