Ko Makarantar Kuɗi Tana Yi Wa Iyaye Rangwame?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu bara, ya bar mini yara uku a wata makarantar kuɗi, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin makarantar ke ta hauhawa. Shin akwai hanyar neman sauƙi, ko in cire su? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayun. Kada ki yi gaggawar cire su sai kin zauna da mai makarantar, domin shi ke da ikon yin ragi, ba akawun da ke karɓar kuɗi ba. Makarantu masu zaman kansu da dama suna rage wa mai yara biyu ko fiye, wasu suna yafe wa marayu wani kaso, wasu kuma suna yarda a biya kashi-kashi, sai dai ba kasafai suke tallata hakan ba, tunda da kuɗin iyaye suke biyan malamai.

Ki rubuta takardar roƙo tun kafin a dawo daga hutu, ki haɗa da shaidar rasuwa da sakamakon jarrabawar yaran, ki faɗi gaskiyar abin da za ki iya biya. Idan an amince, ki nemi a rubuta yarjejeniyar, a fayyace ko ragin ya shafi kuɗin littattafai da yunifom da mota, domin nan ne ake yawan samun saɓani.

Idan abin ya faskara, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatu kyauta a makarantun gwamnati daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.